Asabar ɗin da Yaya Ya Ce In Kai Shi Bassam

Yayana bai taɓa shiga motar da mace ke tuƙawa ba. Lokacin da na samu permi, wato lasin tuƙi, bayan rasuwar mijina, sai da ya ba duk mahautan Adjamé labari suna dariya. Ya ce in dai ni ce a kan sitiyari, gara ya tako da ƙafa daga gidansa a Bromakoté har Treichville. Shi ya sa ranar wata Juma'a, da ya shigo shagona na ɗinki a Belleville, cikin Treichville, bayan an sauko daga babban masallaci, ya zauna a karkace kan benci ya tambaye ni ko motata na nan lafiya, na ajiye almakashi na dube shi.

"Lafiyarta ƙalau, Yaya. Wani abu ne?"

"Babu komai, Auta. So nake ki kai ni Bassam ranar Asabar ta sama."

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce ƙarama, kuma ya girme ni sosai. Nama yake sayarwa, sana'ar da ya tashi ya tarar mahaifinmu na yi. Duk Asabar yakan ɗauki nama daga mayankar Port-Bouët ya kai wa masu gidajen abinci na bakin teku a Grand-Bassam, cikin tsohuwar a-kori-kurarsa fara. Ba wata tafiya ba ce, in babu cunkoso ba a awa guda. Shekara da shekaru yana bin hanyar, bai taɓa neman rakiyar kowa ba.

"Ina taka motar?"

"Tana gida."

"Ta lalace ne?"

"Ke dai za ki kai ni, ko ba za ki kai ni ba?"

Na ce zan kai shi. A gidanmu ba a ce wa Yaya a'a. Sai ya shiga tsara mini tafiyar, kuma a nan ne hankalina ya fara tashi, don duk abin da ya faɗa ya saɓa wa halinsa da na sani. Mutumin da ke barin gida da an sallame asuba, don nama ya isa kafin zafi, shi ne ya ce sai rana ta fito sosai za mu tashi. Mutumin da kullum ke zagin otorut, sabuwar babbar hanya, saboda kuɗin hanya, yana yabon tsohuwar hanyar bakin teku mai itatuwan kwakwa, shi ne ya ce otorut za mu bi. Ya ce kada in je ɗaukarsa a gida, zai hau woro-woro, tasin haɗaka, ya same ni a Treichville. In mun isa Port-Bouët kuma kada in kusanci ƙofar mayanka, in tsaya a wani gidan mai da ke nesa kaɗan, za a kawo mana naman can.

"Kuma ba sai kin gaya wa kowa ba," in ji shi, ya miƙe ya fita.

Maƙwabciyata mai sayar da atamfa, wata Bajula da muke raba inuwar rumfa ɗaya, ta ji komai ta bayan labule. Yana fita ta leƙo.

"Miji yayanki ya samo miki a Bassam," ta ce. "Ki sa sabuwar atamfa."

Ni ma tunanin ya zo mini, don akwai wani abokinsa dillalin shanu a can da matarsa ta rasu, kuma Yaya ya sha ambatonsa a gabana ba gaira ba dalili. Amma in zancen aure ne, me ya kawo ɓoyewa daga mahauta? Me ya hana shi ɗaukata a tasa motar, kamar yadda ya saba in akwai biki ko gaisuwar mutuwa?

Cikin makon na rufe shago da wuri na tafi Bromakoté, wai gaida matarsa. Ban shiga ta ƙofar gaba ba, na zagaya ta lungun baya inda yake ajiye mota. Tana nan, an lulluɓe ta da tampol, an danne gefuna da duwatsu. Na duba babu mai kallona, na ɗaga gefe ɗaya. Gaban motar ta dama ya lotse, fitila ta fashe, madubin gefe babu shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka wanke ta. Motar Yaya ba ta san ruwa ba sai na sama, amma ga ta fes, har tayoyi.

Matarsa ta tarbe ni da fara'a, ta zubo mini aceke, dambun rogo, da kifi. Na bari sai da muka gama gaishe-gaishe da tambayar yara.

"Tanti, me ya samu motar Yaya?"

"Batir ne," ta ce, tana tsince ƙaya daga kifin da ba ita za ta ci ba.

"Batir?"

"Haka ya ce."

Ba ta ɗago ta dube ni ba. Da zan tafi ta rako ni har bakin titi, ta riƙe hannuna ta ce, "Ki kai shi kawai, Auta. Allah ya saka miki."

A cikin woro-woro, muna tsaye cikin cunkoson gada, lissafin ya haɗu mini ta hanyar da ban so ba. Mota ta yi karo, an wanke ta, an ɓoye ta. Mai ita ba ya so abokan sana'arsa su gan shi. Kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san hanyar Bassam ba a Bassam ta ƙare ba, ita ce ke miƙewa har iyakar Ghana. Na tambayi direban, kamar da wasa, ko ya ji labarin wata farar mota da ta buge mutum ta gudu kwanan nan. Ya yi dariya ya ce wacce daga ciki.

Sauran kwanakin na yi su ina shiri kamar mai tafiya wata ƙasa. Na fito da takardun mota na duba su ɗaya bayan ɗaya, don in jandarma suka tare mu, sunana ne a jiki, ni ce kuma a kan sitiyari. Na sa mai daidai na zuwa Bassam da dawowa, na ƙi cika tanki da gangan, don in ya ce mu wuce gaba in samu abin faɗa. Na gaya wa maƙwabciyata in magariba ta yi ba ta gan ni ba, ta kira ɗiyata da ke aure a Koumassi.

Ranar Alhamis ya kira ni. Ba gaisuwa sosai.

"In mun zo wurin biyan kuɗin hanya, ki bi layin hagu. Kada ki shiga na dama."

"Me ke na daman?"

"Manyan motoci. Ki dai yi abin da na ce."

Na ce to. Na ajiye waya na ɗinka hannun riga a baibai, sai da na warware.

Ranar Asabar na hango shi yana tsallako titi a hankali, sanye da baƙin tabarau, abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Na dubi hannunsa ko akwai jaka. Babu, sai carbi. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, amma na ce wa kaina mai gudu ba lallai ya ɗauki jaka ba. Ya shiga gaba ya zauna ba tare da ya ce uffan kan tuƙina ba, har muka wuce Marcory da Koumassi.

A gidan man Port-Bouët wani ɗan dako ya turo kulolin nama biyu a baro. Kafin ya sa su a but ɗin mota na ce ya dakata, na buɗe kowacce na ɗaga ledar ƙanƙara.

"Me kike nema?" Yaya ya tambaya daga cikin mota.

"Tambarin likitan dabbobi."

Nama ne, da tambarinsa, babu wani abu a ƙasa. Na rufe muka kama hanya.

Bayan Gonzagueville titi ya buɗe. Can gaba na hango jandarma biyu a gefe da babur. Na saci kallon Yaya, ko motsi bai yi ba, kamar babu kowa a wurin. Ɗayansu ya dube mu ya kau da kai, muka wuce. Da na fara hango rumfar biyan kuɗi daga nesa sai na ji ba zan iya ƙarasawa haka ba. Na kunna sigina na gangara gefen titi na kashe mota.

"Yaya, na ga motarka. Wa ka buge?"

Manyan motoci na wucewa suna girgiza tamu. Sannan ya cire tabarau ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni, yadda bai yi ba ranar Juma'a. Tsakiyar idonsa na dama ya yi fari kamar an ɗiga madara.

"Tun bayan azumi yake yin hazo," ya ce. "Yanzu ta wannan gefen ba na ganin komai. Na hagun ma ya fara, in haske ya yi ƙasa. Ban buge kowa ba, Auta. Tun da tsohuwar hanya ta fara gagarata na koma otorut. Simintin da ke bakin layin dama na buge, can gabanmu. Ban gan shi ba sam."

"To wa ya wanke motar?"

"Tantinki. Ta rasa abin da za ta yi, ta ɗauki bokiti."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"In na faɗa miki kin faɗa wa Bajular nan, ita kuma ta faɗa wa Treichville. Kin san mutanenmu. Yau aka ji ba na gani, Asabar mai zuwa wani ne zai kai nama Bassam. In na shiga kara sayen sa, mara lafiyar za a tura mini."

Na tayar da mota. Maganarsa ta shige ni, amma kwanakin da na yi ina saƙa abu a raina ba su bar ni na yarda nan take ba. Da muka iso, maimakon hagu sai na karya kan mota na shiga layin dama.

"Na ce miki hagu."

Na rage gudu. A jikin simintin akwai doguwar shaida ta farin fenti, da gefen da ya ɓantare. Matar da ke karɓar kuɗi ta miƙo hannu, sai ta sunkuyo ta dubi wanda ke gefena.

"A'a, Baba ne? Ya jikin?" ta ce da Faransanci. "Yau an samu direba ke nan. Gara haka."

Yaya ya ɗaga mata hannu. Ya mayar da tabarau. Na biya kuɗin muka wuce zuwa Bassam.

A can ya gaya wa masu gidajen abinci cewa ƙanwarsa ce ta matsa sai ta zo ganin teku. Na tsaya ina murmushi ina gyaɗa kai. Na lura yadda yake shafa nama da hannu yana faɗin kowane yanki na wane ne, babu kuskure ko ɗaya, babu kuma wanda ya gane komai.

A hanyar dawowa na ce masa zan ci gaba da kawo shi duk Asabar, amma sai in zai je ganin likitan ido. Ya ce bayan Layya, yanzu lokacin ciniki ne. Na ce ranar Litinin. Muka yi ta ja har Marcory. Daga ƙarshe sai da na haɗa da matarsa, muka kai shi cikin makon yana ta mita.

Yanar ido ce, likita ya ce, kuma ana iya cire ta. An yi masa aikin na dama bayan Layya ɗin, kamar yadda ya so tun farko. Kafin nan labari ya riga ya zaga mayanka, ban san ta bakin wa ba. Gida ɗaya a Bassam ya koma sayen nama wurin wani, sauran suka tsaya.

Ina wurin ranar da aka cire masa bandeji. Ya yi ta ƙifta ido, ya dubi bango, ya dubi matarsa, sannan ya tsaya a kaina ya daɗe.

"Auta," ya ce, "yaushe kika yi furfura haka?"