Turmi Arba'in a Ɗakin Ƙasa

Maigidana mai walda ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gina gidanmu a can bayan Kurna, yau bulo hamsin, gobe buhun siminti biyu, har ya zama ɗaki uku da falo. Ƙofar gidan ma da hannunsa ya ƙera ta. Shekararmu huɗu a ciki ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, aka zo aka faɗa min ina tsakiyar tuƙa tuwo. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Hannun da yake lanƙwasa ƙarfe da shi ya koma kamar tsumma, magana kuwa sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane.

Wata takwas muna cin abin da muka tara. Injin walda ya tafi, janareta ya bi shi, sannan 'yan kunnena na gwal. Da ma ina ɗan taɓa sana'a a waya: in je Kwari in ɗauki hoton atamfa da leshi in sa a sitatus, wadda ta gani tana so ta turo kuɗi, in koma in sayo in aika mata. Ribar ta cefane ce. Ba ta isa magani da gasa masa hannu a asibiti da kuɗin makarantar 'ya'yanmu mata biyu ba.

Yayana ne ya kawo maganar. Ya zauna a bakin katifar Malam, maigidan nawa, yana murza hularsa ya ce, "Akwai wani gida a wajen Makoda, magada ne ke son raba gado. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin wannan bai kai ba. In kun sayar kun sayi wancan, za a ware na magani, sauran ta yi jari."

Malam ya juya fuskarsa bango. Na ce, "Yaya, a bar maganar nan tukuna." Sai da aka kwana uku, ina ba shi koko a baki, ya ture cokalin ya ce, "A sayar."

Dillali ya yi ta kawo mutane suna leƙa ɗakunanmu muna zaune. Wanda ya saya wani Alhaji ne ɗan kasuwa, ya zo da igiyar awo, yana faɗa wa magininsa bangon da za a rushe, Malam yana kwance yana ji.

Ƙarshen bazara muka tashi. Gidan ɗaki biyu ne na ƙasa, ɗaya da rufin kwano, ɗaya soro, da dangar kara, da ɗan fili a baya. Ƙauyukan wajen a manne suke da juna, kana fita ƙofa gona ce, kana gama gonar wani gari ne. Ranar da muka sauka wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda kowa ke ce wa Inna, ta shigo da kwanon dambu. Ta dubi Malam, ta dubi firij ɗin da muka jingine a tsakar gida babu inda za a jona shi, ta ce, "Sannunku da zuwa, 'yar nan. Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki."

Lissafina a lokacin kamar mai kyau ne. Tunda ba zan iya zuwa kasuwa kullum ba, gara kayan su zauna a wurina. Abin da ya rage na kuɗin gida, ban da na maganin da Yaya ya riƙe, na kwashe shi kaf na sayo atamfa turmi arba'in, leshi goma, da mayafai. Na shimfiɗa katako a ɗakin soron na jera su. In na shiga ɗakin nan sai in tuna gumin Malam na shekara goma sha ɗaya nake kallo.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne sabis. A cikin gidan waya ba ta kamawa ko kaɗan. Sai na fita bayan gari, gefen wata gonar gero, na hau kan wani tsohon suri, nan ne saƙo ke shiga. Can nake tsayawa da hijabina, hannu a sama, hoto ɗaya yana juyawa kusan minti goma, manoma suna ɗago kai daga kunya suna kallona. Caji kuma sai a shagon bakin titi mai sola.

Ko saƙon ya tafi, tambayar farko ɗaya ce.

"Kina ina ne?"

"Makoda."

"Ina ne kuma Makoda?"

Daga nan sai shiru. Matan birni sun saba su zaɓa da safe mai babur ya kai musu kafin azahar. Ni kuwa sai na ba direban bas, bas ba ta tashi sai ta cika, in ta isa ma sai mai kaya ta je tasha da kanta. Sati shida turmi uku na sayar. Garin masarar da muka zo da shi ya ƙare, na fara taɓa kuɗin turmi ukun. Daga nan in an tambaye ni sai in ce, "Ina nan Kurna." Na san ƙarya ce, kuma kullum in na sauko daga surin sai na yi istigfari, gobe in sake.

Wata Litinin wata mata ta yi min magana. Tana haɗa wa ƙaninta lefe, tana son turmi goma sha biyar da leshi huɗu, amma ba za ta biya ba sai ta gani da idonta ta taɓa. Ta ce in turo mata kwatance za ta zo gobe ƙarfe sha ɗaya. Ina tsaye kan surin na rubuta mata kwatancen tsohon gidanmu.

Da na faɗa wa Malam ya dube ni. Ya ce, "Kar ki je gidan nan."

Na ce, "To ina zan kai ta, Malam? Gidan Yaya ɗaki ɗaya ne cikin haya, ko wurin shimfiɗa tabarma babu. In na bar wannan cinikin me za mu ci?"

Bai ce ya yarda ba.

Da sassafe na cika manyan jakunkuna biyu. Yara suka tafi makaranta, na roƙi Inna ta riƙa leƙa shi, ta ce za ta je ɗaurin ciyawar awaki ta dawo ta zauna da shi. Acaɓa ya kai ni titi, jaka ɗaya a kan tanki, ɗaya a cinyata.

Ƙarfe goma na tsaya a ƙofar gidan. An yi mata fenti shuɗi. Na ƙwanƙwasa, matar gidan ta buɗe, yarinya ce ba ta kai ni shekaru ba, da goyo a bayanta. Ta gane ni. Na gaishe ta, na faɗa mata komai ban rage ba, har ƙaryar.

Ta ce, "Gaskiya, baiwar Allah, Alhaji ba ya nan, kuma ba ya son a shigo masa da mutane."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. A nan bakin ƙofa, maƙwabtana na da suna wucewa. Na ce, "Ki taimake ni don Allah, awa ɗaya kawai. Mijina yana kwance."

Ta kama hannuna da sauri. "Tashi, tashi, ki rufa min asiri. Shigo."

An sa tayal a falon, an rushe bangon da ya raba shi da ɗakinmu. Wurin da Malam ya yi wata takwas a kwance yanzu kujera ce mai zaman mutum uku. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta wuce. Na kira mai sayayyar ta ce tana hanya. Matar gidan ta kawo min shinkafa da wake, na ci loma ɗaya na rufe kwanon. Na yi azahar a sallayarta. Duk ƙarar motar da aka ji sai ta kalli ƙofa, ni ma in kalla, ita tana tsoron mijinta ne, ni ina fatan mai sayayya.

Sai wajen ƙarfe biyu da rabi ta zo da ƙawarta. Suka sa na warware komai a tsakar falo. Ƙawar ta ɗaga wani turmi da yatsu biyu ta ce, "Ai wannan zanen tun kafin azumi ake yayinsa. Kowa ya ɗinka." Wata biyu ina ƙauye, sababbin zane sun fito ban sani ba. Mai sayayyar ta waiwaya ta dubi kujeru da labule, sannan ta dubi silifas ɗina mai jar ƙasa, ta ce, "Nan gidanki ne kuwa?"

Matar gidan tana tsaye tana jijjiga goyonta, ta ce, "Yayata ce, Hajiya." Har yau ina sa yarinyar nan a addu'a.

Turmi huɗu mai sayayyar ta ɗauka, bayan ciniki mai tsawo, a kusan yadda na sayo su. Ta ce za ta yi shawara da gida ta aiko a karɓi sauran. Ba ta aiko ba, bayan kwana biyu ma ta daina ɗaga wayata.

A tasha aka ɗaure jakunkunan a saman bas, na roƙi kwandasta ya rufe da leda ya ce babu komai, sama garau take. Mun yi rabin hanya hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na yi ta buga jikin motar ina cewa a tsaya, direba ya ce in ya tsaya a taɓon nan ba mai fitar da shi. Ina zaune ina jin ruwan yana dukan rufin, na san me yake yi.

Dab da magariba na isa gida, na tarar da takalman maza a ƙofar ɗaki. Ashe da hadarin ya taso Inna ta tafi shigar da awakinta, yara kuma suna makarantar allo. Malam ya ji fitsari, ya ƙi jira, ya dafa bango ya fito shi kaɗai. Santsi ya kwashe shi a tsakar gida. Yana nan kwance cikin ruwa da taɓo, ba ya iya tashi, muryarsa ba ta fita, har Inna ta dawo ta yi kururuwa maza suka zo suka ɗauke shi. Goshinsa ya fashe, jikinsa sai ɓari yake.

Inna tana kuka tana cewa, "Ki yafe ni, 'yar nan." Na ce, "Ba ke ba ce, Inna, ni ce."

Da mutane suka watse na zauna ina gasa masa goshi da ruwan ɗumi. Bai tambaye ni ciniki ba. Ya ce, "Ƙofar, ba su cire ta ba?" Na ce tana nan. Ya rufe ido.

Da safe na buɗe jakunkunan. Ɗaya ta tsira. Ɗayar ruwa ya shiga, jajayen mayafai sun zuba a kan fararen lesuka, shida sun lalace, atamfofin da ke ƙasa duk sun jiƙe sun saki. Na shanya su a kan dangar kara, gidan ya cika da launi kamar ana biki, matan ƙauye suna leƙowa suna yaba kyansu.

Zazzaɓin Malam ya zama ciwon haƙarƙari, muka kwana tara a asibiti. Kuɗin turmi huɗun can suka ƙare, da wani abu daga na hannun Yaya. Da muka dawo na yayyanka waɗanda suka ɓaci na sayar wa matan gari a kuɗin da ba na son tunawa. Masu kyan na mayar wa wani mai shago a birni, ya karɓa da ragi mai yawa, na gode masa ma. Sannan na hau surin na rubuta a sitatus cewa na tashi daga Kano, ina ƙauye a wajen Makoda, mai son kaya sai ta yi haƙuri da kwana biyu. Masu kallon sitatus ɗina suka ragu sosai.

Da kaka ta yi, wata tsohuwar kwastomata ta tambaye ni ko ana samun man gyaɗa na gaske a inda nake, wanda ba a gauraya ba. Inna tana matsar mai tun kafin a haife ni. Na aika jarka ɗaya, sannan biyu, da ƙuliƙuli da kuka. Yanzu wani satin jarka uku, wani satin ko ɗaya. Ba zan ce mun fita ba. Muna ci sau biyu a rana, wani lokacin da taimakon maƙwabta. Kuɗin maganin da ya rage a hannun Yaya ba zai kai mu ƙarshen shekara ba, ya faɗa min, na roƙe shi kada ya faɗa wa Malam. Babbar 'yata ta daina tambayar yaushe za mu koma, kuma shirunta ya fi damuna da tambayar.

Bana na shuka gyaɗa a filin bayan gida, don in rage sayen ta wasu. Ban taɓa riƙe fartanya ba sai yanzu, tafin hannuna duk ya yi kanta. Ta tsiro da kyau, sai ruwa ya ɗauke. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, ganyen ya fara naɗewa da rana. Jiya maza sun fita roƙon ruwa, Malam ya ce a kai shi, mutum biyu suka tallafe shi har filin sallar.