Innar da Ta Tsaya a Bakin Rami

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, Inna mai shara ta gama da azuzuwa. Daga nan sai ta fito ta durƙusa a bakin kwalbatin da ke gaban ƙofa, tana zaro ledoji da robobi da hannunta. Ba aikinta ba ne. In aka ce ta bari, sai ta ce, "To ku bar shi ya toshe, ku ga inda ruwan zai kwana."

Sai ranar babban ruwan nan na bara. Tun hantsi ake sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya, kafin lokacin tashi titi ya zama kogi. Inna ta leƙa, ta ga ruwa yana juyawa a wuri ɗaya. Murfin kwalbatin ya tafi! Rami ne da zai haɗiye babba, ido ba ya ganinsa, ga shi an kaɗa ƙararrawa, yara sun ɓarke da gudu.

Ba ta tsaya kiran kowa ba. Ta ɗaure zani tamau, ta faɗa ruwan har ƙugu, ta lalubi bakin ramin da ƙafa, ta kafe a nan, tsintsiya a sama.

"Ku bi jikin katanga! Kai mai ƙaton kai, bar takalmin nan ya tafi! Ƙafa uwarka ta haifa ko takalmi?"

Malamai suka jeru, suna miƙa ƙanana hannu da hannu. Wani uba ya danno da babur ɗaukar 'yarsa, Inna ta daka masa tsawa: "Ɗan nan, ja baya! Ba zan iya ciro ka da babur ɗinka ba!" Ya ja. Har yau shi ke ba da labarin da bakinsa.

Mai gadi ya ce sai da ɗan ƙaramin cikin yaran ya haye sannan Inna ta yarda aka jawo ta, haƙoranta na kaɗawa, tana tambaya, "Kun tabbata ba saura?"

Ba saura, Inna. Ke ce katangar da ruwa bai ture ba. A wannan watan za ki ajiye aiki, gwiwa ta gaji, kuma duk yaran ranar nan suna raye, suna ta ƙiriniyarsu. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ƙara lafiya.

Mu kuma da muka rage, damina na tafe. Kowa ya fita ya duba kwalbatin ƙofar makarantar 'ya'yansa tun hadari bai haɗu ba.