Inna Mai Kyandir, Sun Kulle Ɗakinki Kafin Su Yi Kukanki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi ina kan keken ɗinki, babbar 'yarki ta kira ni ta ce kin rasu. Numfashina ya sarƙe. Sai na tsinci kaina ina ƙirgawa, huɗu a shaƙa, shida a fesar, yadda kika koya mana. Har labarin mutuwarki da darasinki na haɗiye shi, Inna.

Shekara ashirin da bakwai kina ungozoma a asibitin unguwarmu. Duk Talata bayan awo, kikan tara mu masu ciki a ɗan ɗakin nan na kusa da matakala, ki shimfiɗa tabarmi, ki sa mu miƙe ƙafa mu saki kafaɗa. Sannan ki kunna kyandir ki riƙe a gaban bakin kowacce.

"Hura shi ya rusuna, kada ya mutu," kikan ce. "Wadda ta kashe min kyandir ita za ta share ɗaki."

Sau uku ina shara. Na zo miki da tsoron da ya shekara shida a ƙirjina. A haihuwar fari an yi min tsawa, an make min cinya don na yi ihu, kuma ɗan bai zo da rai ba. Kowa haƙuri yake ba ni. Ke kuwa kika ɗora tafina a kan cikina, kika zauna muna numfashi tare har jikina ya daina rawa. Kika ce ranar naƙudata ko kina hutu za ki zo ki riƙe hannuna.

Yanzu bari in faɗi abin da ke cina, don ba zan iya yin shiru ba. Da aka kawo sabon shugaban asibiti, ya leƙo ya gan mu a tabarma, ya ce wasan yara ne. Kafin mako ya zagayo an cika ɗakinki da kwalaye an garƙame da kwaɗo. Kika koma baranda, aka ce kin tare hanya. Kika koma ƙarƙashin matakala, inda iska ke kashe kyandir tun kafin mu hura. Da hawan jininki da ciwon gwiwarki kike ɗaukar tabarmi tara a ka, ba wanda ya ce sannu.

Shi ne jiya wannan mutumin ya zo gidanki ya miƙe a gaban jama'a yana share ido, wai ke uwa ce gare su, wai za a rataya hotonki a bango. Ihu bayan hari. Hoto yana riƙe hannun mai naƙuda ne? In da kunya, makulli zai kawo. Mu ma ban wanke mu ba: ranar da aka kulle ɗakin mun yi ta guna-guni a bakin ƙofa, kowacce ta gyara mayafi ta tafi gida. Wannan yana ƙona min rai fiye da komai.

'Yarki ta ba ni guntun kyandir da ashana da ta samu a aljihun rigar aikinki. Talata mai zuwa mu tara za mu shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakin kwalayen nan. Wanda ya ce mun tare hanya, ya tsallaka mu.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya sassauta miki kwanciyar kabari kamar yadda kika sassauta mana, Ya haskaka makwancinki, Ya sa duk jaririn da ya faɗo hannunki ya zame miki shaida. Ga Baba mijinki, da 'ya'yanki mata uku da jikokinki, Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi. Ni kuma ku sa ni a addu'a, saura min mako uku in haihu.