Kumfar Sabulu a Garejin Sharaɗa

Shekara goma sha ɗaya Idrisu Matamaye ya yi yana gyaran motocin wata masaƙa a Sharaɗa, cikin Kano. Iyalinsa suna can Nijar, sai da babbar salla yake ganinsu. Da aka fara rage ma'aikata a 1984, garejin ya koma shi kaɗai, babu ko mai miƙo masa sifana.

Wata Talata manajan masaƙar, Alhaji Ɗahiru, ya kawo Marsandinsa mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska. Motar ta daina ja, sai baƙin hayaƙi.

"Kanikawan Bompai sun ce turbon ya mutu," in ji Alhaji. "In kai ma ba ka iya ba, Idi, zaman me kake mana? Juma'a za a kafe sunayen waɗanda za a sallama."

Idrisu bai taɓa kwance turbo ba, amma da facin taya ya fara sana'a, ya san yadda ake kama iska in tana gudu. Ya huda gwangwanin madara, ya sa masa bawul ɗin tsohon tif, ya toshe bakin bututun iskar da shi. Yana taka famfon taya da ƙafa, yana shafa ruwan sabulu a jikin bututun. Can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, kumfa ta taso daga wata 'yar tsaga a robar bututun. Ya sauya robar, motar ta dawo da ƙarfinta.

Direban Alhaji ya ja ta bai tambayi abin da ya same ta ba. Ranar Juma'a Idrisu ya sa maigadi ya karanta masa takardar sallamar sau biyu, babu sunansa. Ya yi hamdala, ya koma gareji ya share ƙasa.