Wayar da Baffa Iro ya rasa mahaɗinta

A Ƙarfi, da an gama tsinkar auduga, karan audugar muke ƙonawa a tsakar gida bayan sallar isha, mu zagaye kakarmu Iya Dije tana gasa mana dankali. Ni take fara tsokana: "Maigidan nan nawa ba cefane, sai ci."

Shekarar da nake tunawa gidan ba daɗi. Ƙanen babana, Baffa Iro, direba ne, yana jigilar mutane tsakanin Funtuwa da Malumfashi a wata tsohuwar mota. Sanƙarau ya kama shi, ya tashi, amma kunnuwansa sun tafi. Direba kuwa da kunne yake sa wa mota giya. Inji ya yi ta kuka bai sani ba, har fasinja suka fara gudun motarsa. Babana ya ce a sayar da motar, Baffa ya koma gona.

Akwai wani agogo a gaban sitiyari, wanda motar ta zo da shi, mai nuna gudun inji. Ya daɗe da mutuwa, ɓeraye sun cinye wayoyinsa. Baffa ya ce in allurar agogon ta tashi, zai ga abin da ya kasa ji. Wayoyin uku ne: ya haɗa ta wuta da ta jikin mota, ta ukun ce ta gagare shi. Ya kai ta batir, allura ko gezau.

Ran nan ya zo ya zauna bakin wuta, hannu duk baƙin mai. Iya ta dube shi, ta ce mana, "To, ga ta nan tafe, ku gyara zama."

Wai wata yarinya ce kurma, ƙawayenta suka hana ta lugude, don taɓaryarta kullum karo take da tasu. Ta yi ta kallon bakin masu waƙa, a banza. Sai wata tsohuwa ta ajiye mata ƙwaryar ruwa a gindin turmi. Duk bugu ɗaya ruwan ya girgiza, yarinya ta bi ruwan da ido, har ta fi kowa iya lugude.

Iya ba ta tsaya a baki ba. Ta sa na jawo turmi, ta dasa kwanon sha cike da ruwa a gindinsa, ta yi ta bugawa tana kallon ɗanta. "Iro ya san ta," in ji ta, "a cinyata ya ji ta. Ba a ajiye ruwa sai inda ake bugu."

Baffa ya ƙura wa ruwan ido, can ya yi dariya, irin wadda muka manta yana da ita. Ya gane: batir ba ya bugu, wutarsa a kwance take. Da safe ya kai wayar kan kwayil, abin da ke harba wa fulogi wuta bugu bayan bugu. Ya tayar da mota, allura ta miƙe tana rawa. Ya taka mai, ta haura. Wallahi har yau in na tuna sai idona ya ciko.

Iya ba ta san kwayil ba, kuma ban taɓa sanin ko da gangan ta zaɓi tatsuniyar ba. Baffa dai ya ci gaba da tuƙi har ya yi furfura.

Yanzu nawa kunnen ya fara nauyi, jikokina sai sun maimaita magana. Da na so in tsorata. Sai na lura idan ƙaramarsu za ta yi dariya, kafaɗarta ke fara rawa, don haka can nake kallo.