Yadda Na Rasa Kunnen Hagu Ina Cikin Goyo

Edita, ni tsohuwa ce yanzu, jikata ce take rubuta mini wannan. A ƙarshen zamanin Turawa ina matashiya, ina goyon ɗan fari a wani ƙauyen masunta kusa da Baturiya. Bayan na gama wankan jego mura ta kama ni, ta sauka a kunnen hagu. Ya yi ta zogi kamar ana soka mini tsinke, daga baya ya fashe yana zubar da ruwa mai wari.

Lokacin damina ce, kogi ya cika ya raba mu da Haɗeja. Akwai wani mutum da yake yawo kasuwa-kasuwa da jakar allura, wadda mutane suka ɗauka maganin komai ce. Duk ranar kasuwa sai in je ya yi mini guda, in ji sauƙi in daina, ciwon ya dawo in koma. Haka na yi ta yi har kaka, ban gaya wa kowa cewa jina yana raguwa ba.

Wata rana ina sheƙar shinkafa a tsakar gida, yaron ya faɗo daga gado yana ta tsala kuka a ɗaki, ni ban ji ba. Uwar mijina ce ta jiyo daga sashenta ta rugo ta ɗauke shi. Na zaci faɗa za ta yi mini. Sai ta kama haɓata ta juya kaina, ta ga bayan kunnen ya kumbura, ta ce, "Yarinya, tun yaushe kike fama da wannan ke kaɗai?" Washegari ta sa ɗanta ya fito da kwalekwale.

Malamin asibitin Haɗeja ya yi ta yi mini allurar fenisilin, ba ta yi komai ba. Ya bayyana mana cewa wasu ƙwayoyin cuta ne suka taru a bayan dodon kunne, kuma allurar da na riƙa yi jefi-jefi ta kashe raunana ta bar masu taurin, yanzu maganin ba ya cin su. Ya ce ciwon ya shiga ƙashi, in ba a kai ni Kano ba, zai iya hawa ƙwaƙwalwa. Tsohuwar nan da ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba, ita ta goya jikanta muka shiga a Malam Madori. A Kano aka yi mini aiki a bayan kunne. Duk zamanmu a can tana gefen damata, abin da likita ya faɗa ita take maimaita mini da ƙarfi, ba ta taɓa ƙosawa ba.

Kunnen hagu ya tafi, amma Allah Ya bar mini na dama, da shi na raini 'ya'ya har da jikoki. Uwar mijina kuwa ba na sallah ban saka ta a addu'a ba. 'Yan'uwana matasa, kunne in ya fara ruwa ku je asibiti, kada ku ɓoye. In an ba ku magani ku shanye shi duka ko da kun ji sauƙi, domin ni jin sauƙin nan ne ya yaudare ni.