Kwale-kwalen Roba da Jan Gyalena

Ba zan manta Jumma'ar da maigidana ya tarar da ni zaune cikin kwale-kwale a tsakiyar ɗaki ina karatu ba.

Na roba ne, na mutum ɗaya, kafilinsa, wato ubangidansa a wurin aiki, ya ba shi. Tunda ya zo gidanmu a unguwar Nuzla yake cinye mana rabin ɗaki, don rana za ta lanƙwasa shi a saman bene. Cikinsa nake jera littattafaina.

"Kwashe littattafanki, Amarya. Gobe zan kai shi haraj, kasuwar gwanjo, in sayar, halas, shi ke nan."

"Haba Habibi! Taurarin littattafan nan duk sun hau ruwa. Ni ina Jidda, amma teku sai hange ta tagar mota?"

"Su a takarda suke hawa, ba sa jiƙewa."

"To bar ni in jiƙe sau ɗaya."

Ya yi dariya, ya ce yalla, mu tafi.

A bayan ƙaramar motar maƙwabcinmu muka ɗaure shi. Wutsiyarsa ta leƙo titi, babu jan ƙyallen gargaɗi, sai na ƙulla jan gyalena.

A bakin ruwa ya gyara min mazauni, ya ɗaura min rigar hana nutsewa a kan abaya. Da farko juyi kawai nake wuri ɗaya, yana ihun "Hagu! Hagu!" Can sai hancin kwale-kwalen ya miƙe. Na tafi da ƙarfin hannuna har muryarsa ta ƙanƙance.

'Yan uwa, wa ya san yadda ake rataye shi a bango? Na riga na faɗa masa: littattafai za su koma kwali, kwale-kwalen nan ba ya zuwa haraj.